Ko Kun Sani? Aikin Cok a Tsohuwar Mota

Cok ba fetur yake turawa ba, iska yake tarewa. Inji yana buƙatar iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1 bisa nauyi, amma cikin sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, sai cok ya rufe bakin kafireta domin injin ya zuƙo mai sosai. Wasu na ganin a ƙasar zafi cire cok ya fi, alhali sanyin hunturu kan wahalar da tashin tsohuwar mota irin Peugeot 504. Idan cok ya lalace, gara a sa na lantarki ko wanda ake ja da hannu, domin wanda ya maƙale a rufe yana jawo shan mai, baƙin hayaƙi da mutuwar fulogi.