Zakka da Ƙaramin Bashi a Karkarar Karfi

A Karfi da ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, inda masara da auduga ke riƙe da gidaje, kuɗin taki ne ke ƙure manomi a farkon damina. Zakkar hatsi tana rage raɗaɗin talauci, amma da kaka ake fitar da ita, bayan lokacin taki ya wuce. Ƙaramin bashi, wato rancen jari ba tare da jingina ba, wanda bankin Grameen na Muhammad Yunus ya yi fice da shi a Bangaladash tun 1983, zai iya cike wannan giɓi, sai dai manoma da yawa suna ƙyamar kuɗin ruwa saboda shari'a ta haramta shi. Rance marar ruwa da adashe sun fi dacewa da yankin.