Damana: Tsakanin Rijiya da Garke

Wanda ya baro Yamai ya ɗauki hanyar Filinge, bayan ya wuce Balleyara zai iske Damana, babban garin Tondikandiya, kwance cikin Dallol Boso. Dallol wani tsohon kwari ne da ya gangaro daga ƙasar Azawak har ya kai kogin Kwara, ruwansa ya daɗe da nutsewa ƙarƙashin rairayi. Zabarmawa suka fi yawa a Damana. Arewa da su Kurfayawan Filinge ne masu jin Hausa, ga kuma Fulani da Buzaye da bisashensu. Harsuna daban-daban, amma rijiya guda ke shayar da kowa.

A cikin kwarin ruwa ba shi da nisa. Gaba kaɗan za a gina a cim masa, alhali a kan tudun dutse sai an sha wuya. Shi ya sa da kaka ta wuce, garkunan da suka yi damina a arewa sai su gangaro. Nan ake wata tsohuwar ma'amala. Mai gona zai bar wa makiyayi kara da harawa, makiyayi ya kafa zango cikin gonar, shanunsa su zuba taki. Da safe matarsa ta kawo nono, a ba ta hatsi. Ba takarda, ba shaida sai mutunci. In kuwa saniya ta faɗa gona kafin a ɗebe amfani, magana ta kai gaban mai gari, a ƙiyasta ɓarna a biya.

Bishiyoyin kwarin ma suna da aikinsu. Gawo na zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'yan da awaki ke rububi. Kabar goriba kuwa ita ce jarin mata, da ita ake saƙa tabarma da igiya. Daga kudancin kwarin, wajen Birnin Gaure, ake kawo kanwar da mata ke tacewa daga ƙasa su dafe. Makiyayi ba ya wasa da ita, don dabbar da ta lashi kanwa ta fi cin ciyawa.

Saniyar da ake alfahari da ita a nan ita ce Azawak, ja mai yawan nono, wadda gidan kiwon Tukunus da ke arewa da Filinge ke renon irinta. A wajen Fulani akwai habbanaye: mutum ya ara wa wanda ya rasa karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya maido uwar.

Samari kuwa, da an ɗaure dammunan hatsi an cika rumbu, sai cin rani. Kakanninsu Kumasi da Ankara suka sani. Na yanzu wasu ramukan zinariya suke nufa, Komabangu ta ƙasar Tera, ko Jado tun da aka gano zinariya a can a 2014. Aiki ne na ƙura da duhu, wani ya samo, wani ya dawo da bashi.

Wanda Allah ya ba sa'a, da wuya ya daɗe da kuɗi a aljihu. Ranar Lahadi za ka gan shi a kasuwar Balleyara yana buɗe bakin karsana yana duban haƙora, dillali na gefe yana cewa albarka. Abin da aka haƙo a rami, sai an ɗaure shi a turke hankalin gida ke kwanciya.