Baƙin Sallah a Kwatano: zumunci na son lissafi

Duk lokacin da babbar Sallah ta ƙarato, gidajen ƴan kasuwarmu da ke zaune a unguwar Zango ta Kwatano kan cika da baƙi daga Maraɗi, Doso da Gaya. Zuwan iyaye ko ƙanne abin murna ne ga mai zaman ƙasar waje, sai dai yakan faɗo daidai lokacin da ciniki ya kankama, ga kuma kuɗin rago.

Ɗawainiyar tun daga hanya take farawa. A Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar kuwa ta bar nata a rufe, abin da ya sa matafiya suka koma tsallaka kogin Kwara da kwalekwale. Daga Malanbil zuwa Kwatano kuma tafiyar ta haura kilomita 700, kuma galibi mai masauki ke biyan kuɗin mota, zuwa da komawa, har da tsaraba.

Hatsarin shi ne a ɗebi jari a yi hidima saboda kunya. Dabarar tsofaffin ƴan kasuwa ita ce a ware kuɗin baƙi tun bayan azumi, a faɗi adadin masu zuwa da ranar komawa tun kafin su taso, su kuma riƙo katin shaida da na rigakafin shawara.

Zumunci a ƙafa yake, amma shagon da ya rufe bayan Sallah ba zai iya saukar da kowa baɗi ba.