Wa ya ɗaga farashin buhun yuriya?

A watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar takin Dangote a Lekki, wadda aka gina don ta riƙa fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Ga kuma Indorama a Eleme, kusa da Fatakwal, mai ƙarfin tan miliyan 2.8 a lokacin. Abin da gonakin Najeriya kaf suke sha bai kai rabin wannan ba. Amma da damina ta faɗi, manomin masara a Funtuwa da Saminaka ya tarar buhun taki ya fi ƙarfin aljihunsa. Yaya abin da ake yi a gida, har ya yi rara, zai gagari masu gida?

Dillalai aka fara zargi, aka ce sun ɓoye kaya. Akwai masu yin haka, sai dai farashin ya tashi a Brazil da Indiya a lokaci guda, kuma hannun dillalin Funtuwa bai kai can ba.

Sai aka koma kan yaƙin Rasha da Yukren, wanda ya ɓarke a Fabrairun 2022. Wannan ya warware rabin zancen. Takin kamfa haɗi ne: fosfet ɗinsa daga Maroko yake zuwa tun yarjejeniyar 2016, fotash kuma Rasha da Belarus na cikin manyan masu sayar da shi. Tsadar kamfa tana da dalili a fili. To yuriya fa, wadda ba ta buƙatar komai daga waje?

Amsar tana cikin yadda ake yin ta. Da iskar gas ake yin amoniya, da amoniya ake yin yuriya, kuma gas ɗin ne ke cinye mafi yawan kuɗin aikin. Da Rasha ta rage gas ɗin da take tura wa Turai, masana'antu da dama a can suka rage aiki ko suka tsaya cak. Kamfanin BASF ma, wanda a hannunsa aka fara wannan sana'a a 1913, ya sanar a 2023 cewa zai rufe ɗaya daga cikin masana'antunsa na amoniya a Ludwigshafen. Masu saye suka bazama neman ƙasar da ke da gas, jiragen ruwa suka riƙa lodin yuriyarmu zuwa Brazil da Amurka. Tunda ana biyan dala a bakin teku, ba kamfanin da zai sayar wa ɗan kasuwar Kano ƙasa da haka sosai.

Saura tambaya ɗaya. Farashin duniya ya sauka a 2023, me ya hana namu sauka? A watan Yunin shekarar aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ƙara da kuɗin dizal na tirelar da za ta jawo buhu daga Legas zuwa Arewa.

Fitar da yuriya alheri ne ga ƙasa, ta shiga sahun manyan kayan da muke sayarwa waje ban da ɗanyen mai. Abin da ke damuna shi ne manomi da naira yake sayar da masararsa, takin da zai zuba mata kuwa da dala ake lissafa shi tun daga gas ɗin da ya shiga masana'anta.