Ko Ka Sani? Lilon Ƙarfe da Ya Haura Shekara 100 a Bakin Teku

A Coney Island, wurin shaƙatawa da ke gaɓar tekun Atalantika a birnin New York na Amurka, akwai wani ƙaton lilo mai siffar taya da yake juyi da mutane tun 1920. Sunansa Wonder Wheel, tsayinsa mita 46, kuma Charles Hermann ne ya zana shi. Ba shi ne farau ba, don George Ferris ya riga ya kafa nasa a Chicago a 1893. Amma na Ferris an rushe shi tuni, wannan kuwa har gobe yana aiki.

Ɗakunan zama 24 gare shi, kowane na cin mutum 6. Takwas an kafe su a bakin da'irar, na masu son kallon teku hankali kwance ne. Sauran 16 ɗin nan ne gwanintar take. Kowane yana bisa wani lanƙwasasshen dogo, in lilon ya juya dogon ya karkata, sai ɗakin ya zuro da gudu zuwa baki, ya yi reto sama kamar zai watsar da mutanen ciki, sannan ya natsu. Babu injin da ke tura shi, nauyinsa kaɗai ke wannan aiki.

Wanda ya saba ganin raƙumi na jan guga a rijiyoyi masu zurfi na ƙasar Dakoro ya san ɗaga nauyi sama ba wasa ba ne, zai zaci ɗaga mutum 144 sai inji mai ƙarfin gaske. To, masu sauka ta wannan gefe su ne ke taya ɗaga masu hawa ta wancan. Shi ya sa ranar 13 ga Yuli, 1977, da wutar lantarki ta ɗauke a New York, ma'aikata suka juya shi da hannu har suka sauko da kowa lafiya.

Babban abokin gabarsa iskar teku ce, mai gishiri, mai cin ƙarfe. Kowace shekara in sanyi ya shigo an rufe wurin, sai a bi shi da gyara da fenti. A ganina wannan kulawa ta cancanci yabo daidai da zanen Hermann. Iyalan Denos Vourderis, ɗan asalin Girka, ke riƙe da shi tun 1983, kuma a 1989 hukumomin birnin suka sa shi cikin kayan tarihin da doka ta kare.