Haɗa Abincin Kaji a Cikin Gida

Yau hirarmu a kan kaji ce, waɗannan da ke yawo a tsakar gidanki. Da yawanmu ba ma fita kasuwa, amma kaza ce asusunmu: ita ce kuɗin maganin yaro in zazzaɓi ya taso da dare, ita ce ɗinkin Sallah, ita ce gudummawar biki. To amma sau nawa kike watsa mata tsaba kawai, sannan ki ce ta daina ƙwai? Uwargida, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Jikin kaza abu huɗu yake nema. Na farko abin da zai ba ta ƙarfi, wato masara ko dawa ko gero, da dusa. Na biyu abin gina jiki, wanda shi ne ke zama tsoka da ƙwai: tunkuza ko ƙuli-ƙuli, waken soya, da ɓurɓushin busasshen kifi. Na uku abin da ke yin ƙashi da ɓawon ƙwai. Na huɗu ɗanyen ganye, kamar zogale da alayyafo. Hatsi zalla bai kai kashi 12 cikin 100 na abin gina jiki ba, alhali kaza mai ƙwai tana buƙatar wajen kashi 16, 'yan tsaki kuwa wajen 20. Kin ga inda giɓin yake.

Ga yadda za ki haɗa, da gwangwanin madara ko mudu, in dai ma'auni ɗaya kika riƙe. Ki auni ɓarzajjen hatsi 5, dusa 2, dakakkiyar tunkuza busasshiya ko garin waken soya 2, garin kifi rabi, garin ƙashi da ɓawon ƙwai rabi. Ya zama 10 ke nan. In da gwangwani kika auna, ki sa gishiri rabin cokalin shayi. In kuwa ƙuli-ƙuli mai gishiri kika daka, kada ki ƙara, don yawan gishiri yana sa su zawo. Ki shimfiɗa buhu, ki fara cuɗa ƙananan da dusa, sannan ki juye a hatsin, ki gauraya har kala ta zama ɗaya.

Yanzu ki kasa kunne, 'yar'uwa, nan ne ake yin asara. Kada ki ba kaza ɗanyen waken soya. Akwai wani abu a cikinsa da ke hana abinci narkewa, wuta ce ke kashe shi, don haka ki soya shi sama-sama kamar gyaɗa kafin a niƙa. Masu yin awara, dusarta ma sai an turara an shanya. Ƙashi a ƙona shi har ya yi fari a daka. Ɓawon ƙwai a gasa a daka lilis, don in kaza ta gane shi, za ta koyi fasa nata ƙwan. Sannan duk gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna, a zubar. Gubar da ke ciki tana lalata hanta, tana kashe 'yan tsaki. Shi ya sa na fi son ki haɗa na mako 2 kacal, ki ajiye inda babu laima.

Kazar da ke kulle a akurki tana cin wajen gwangwani ɗaya a yini. Mai yawo tana tsince-tsince, cikin tafin hannu safe da yamma ya ishe ta. 'Yan tsaki a niƙa masu da laushi, a ƙara kifi, a rage ƙashi, a zuba masu a ƙarƙashin kwando inda manya ba za su ƙwace ba. Yara ma za su iya kifa tsohuwar tukunya mai jiƙaƙƙen kara da busasshen kashin shanu a hanyar gara, da safe su kawo masu. Ruwa kuwa kada ya yanke, tsaftatacce, a inuwa.

Amma fa abinci ba ya maye gurbin rigakafi. Annobar nan da ke share kaji da hunturu tana da rigakafi, ana ma yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos. Ki roƙi maigida ya nemo malamin dabbobi tun kafin iskar ta taso, ku haɗu da maƙwabta a yi wa kajin unguwa gaba ɗaya.

Ki gwada na wata guda, ki riƙa ƙirga ƙwan da kike ɗauka. Allah ya sa albarka a kiwonmu.