Allurar Ƙarambau: A Biya Ko A Haƙura?

'Yan uwana mata, a wurin zubi ana yawan tambayata ko ya dace mace ta ci bashin asusu don a yi wa ɗanta allurar ƙarambau. Ga shawarata.

Wannan allura ba ta cikin rigakafin da gwamnatin Nijeriya ke yi kyauta. Sai asibitin kuɗi, kuma sau 2 ake yin ta, ta farko bayan yaro ya cika shekara 1.

To, ku fara duba katin yaro tukuna. Allurar ƙyanda kyauta ce, a wata 9 da wata 15, kuma ƙyanda ta fi ƙarambau kisa nesa ba kusa ba.

Yaro mai ƙoshin lafiya yakan warke daga ƙarambau cikin mako 1 zuwa 2. Waɗanda ciwon ya fi yi wa illa su ne jariri, da mai cikin da ba ta taɓa yi ba, da wanda jinya ta raunana. In akwai irinsu a gida, kuma da hali, kuɗin bai faɗi a banza ba. Ita mai ciki dai ba a yi mata.

In ƙurajen sun fito, a yanke wa yaro farce, a ba shi farasitamol. Ban da asfirin!